Tagullar Bindigar Kaka

A gidanmu na unguwar Mansur a Makka, Kaka yana da wata tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu, gadon mahaifinsa. Tunda ba a farauta a Makka, sai dai ya ciro ta duk Juma'a bayan La'asar ya shafa mata mai. A gindin ƙotarta akwai ɗan farantin tagulla, daidai inda take haɗuwa da kafaɗa, ya yi baƙi ƙirin. Nan ne kaɗai ba ya gogewa.

Wata Juma'a ya kwance farantin zai gyara katakon, sai aka yi sallama da shi a ƙofa. Na ɗauko lemun tsami da toka, yadda Umma take wanke butar gahawa, na dirje tagullar har tana ƙyalli. Na tsaya ina jiran yabo.

Da ya dawo, ya daɗe yana jujjuya farantin a tafin hannunsa. "Ya yi kyau, ya binti," in ji shi a hankali, yana kirana 'yarsa da Larabci. "Sai dai gumin Babana ne kika wanke."

Bai ƙara ciro bindigar ba. Da ma dukana ya yi, da tuni na manta.