Muryar Lantana a Bakin Famfo

Tun da aka kafa dokar cewa kowace ma'aikata sai ta yi magana da muryar da jama'a suka sani, Lantana ta ba hukumar ruwa aron tata. Ba ma'aikaciyarsu ba ce, 'yar jarida ce mai zaman kanta da ke bin ofisoshin gwamnati neman labari. Sau ɗaya suka naɗi muryar, shi ke nan. Yanzu kowane famfo a garin da bakinta yake gaisuwa.

Ranar Laraba ta fito daga asibiti, inda ta ga yara kwance jere da ciwon ciki, duk daga ruwan famfo. Tun a hanya ta kira jami'in hulɗa da jama'a.

"Malam Habu, don girman Allah ku cire muryata. Ruwan nan ba lafiya."

"Haba Hajiya," ya ce yana dariya, "ai da ke mutane suka yarda. Ko ɗazu kin ce kalau yake."

Tana shiga gida ta tarar da Iklima, 'yarta mai shekara huɗu, tsugune gaban famfon tsakar gida da kofi a hannu.

"Ke! Ajiye shi! Ban hana ki ba?"

Sai famfon ya yi gyaran murya, irin wanda Lantana kan yi in za ta rarrashi yaro. "Sha abinki, 'yar albarka. Ruwa kalau yake."

Iklima ta dubi uwarta tana haki, idanu jajur, sannan ta dubi famfon.

"Wannan Umman ba ta yi mini tsawa," ta ce, ta kai kofin baki.