A Ba Ni Shi da Ransa

Mai rubuta ƙorafi a ƙofar gidan gwamnan Isfahan bai ɗaga kai ba sai da Shaharbanu ta jefa wata riga a kan takardunsa. Jinin da ke jikin rigar ya bushe, ya yi baƙi.

"Ke ce kuma, baiwar Allah?"

"Ni ce. Rubuta, Malam. Ka ce matar marigayi Haidar-Kuli mai gonar rumman tana neman a ba ta mutumin da ke tsare. Da ransa."

Ya tsoma alƙalami a tawada. Ta danne masa gefen takardar da hannun hagu, wanda yatsunsa biyu suka karkace tun wata tsohuwar karaya.

Kwana tara ke nan da aka tsinci Haidar-Kuli a magudanar ruwan gonarsa, ƙeyarsa a fashe. Duk unguwa ta san rigimarsa da maƙwabcinsa Nazar, mai noman kankana, a kan rabon ruwa. 'Yan doka ba su wahalar da kansu ba. Suka ɗaure ƙafafun Nazar a gungume, suka yi ta zabga masa sanda a tafin ƙafa, a rana ta uku ya amsa laifi. Gobe bayan azahar hauni zai sare shi a dandalin gari.

Wurin alƙali Shaharbanu ta fara kai takardar. Ya karanta yana shan shayi mai zafi a hankali, ya miƙo mata abinta.

"An riga an yanke hukunci. Koma gida ki yi takabarki, ki yi haƙuri."

"Haƙuri!" Muryarta ta cika zauren, har masu jiran shari'a suka waigo. "Sau uku na tsaya a kan wannan shimfiɗar, Allah gafarta Malam. Sau uku na ce maka za a yi kisa a gonar nan. Me ka ce mini? Koma gida ki yi haƙuri. Ashe sai an yi gawa kunnenku ke buɗewa!"

Aka tura ta waje. Ba ta koma gida ba. Ta zauna a bakin titin da gwamna ke bi zuwa masallaci, rana na dukanta, rigar na kan cinyarta.

Da ya fito da la'asar, ta kutsa tsakanin dogarai ta cafke linzamin dokinsa. Bulala ta sauka a gadon bayanta, ta biyu ta sauka a wuyan hannu. Ba ta saki ba. Ko ƙara ba ta yi ba, sai ta sunkuyar da kai ta juya kafaɗa, bulala ta uku ta wuce ta gefe.

"Ku bar ta," in ji gwamna. Ya karanta takardar daga kan sirdi. "Me ya rage kuma? Gobe za a kashe shi."

"Ranka ya daɗe, hauninka ne aka bar wa marayu biyu? Shi zai ciyar da su? Al'ada ta ba dangin mamaci mai laifi su yi yadda suke so da shi. Ƙanen mijina yana can bakin daga a Kandahar, ni ce na rage. Ba na son diyya, ba na son kallo a dandali. A ba ni shi. A kan kabarin mijina za mu gama."

Matan da suka taru suka ɗauki guɗa. Masu shaguna suka fara cewa gaskiyarta. Gwamna ya dubi taron, ya dubi rigar, ya ciro hatiminsa.

Washegari da hantsi aka fito da Nazar. Ba ya iya taka ƙasa, don haka aka ɗora shi a jaki, hannuwansa ɗaure ta baya. Shaharbanu ta riƙe igiyar ta ja shi ta tsakiyar kasuwa, ta haye gada, dogarai biyu na biye da ita. Can baya matar Nazar, Gulnisa, tana tafe ba takalmi, ciki ya yi mata nauyi, tana zuba wa kanta ƙasa.

"Allah ya isa, Shaharbanu! Ni na karɓi haihuwar 'yarki! Allah ya hana ki kwanciyar kabari!"

Shaharbanu ba ta waiga ba.

A ƙofar maƙabarta ta tsaya ta fuskanci dogaran.

"Nan za ku tsaya. Zan cire mayafi in naɗe hannun riga. Ko kuna so ku kalli matar mutane tsirara ne, 'yan banza?"

Suka ja da baya, suka zauna a inuwar bango. Gulnisa ce kaɗai ta bi ta ciki, tana jan bakin zanenta.

Suka wuce kabarin Haidar-Kuli. Shaharbanu ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ja jakin har ƙarshen maƙabartar, inda bango ya rushe, hanyar Yazd ta miƙe. Nazar ya rufe ido yana kalmar shahada. Ta zaro wuƙa daga ƙugunta, ta yanke igiyar hannunsa, ta danƙa wa Gulnisa ragamar jakin da ƙullin gurasa.

"Ku bi ayari, kada ku kwana a ƙasar nan. Da roƙo na yi a sake shi, da sun tambaye ni dalili."

Gulnisa ta tsaya baki buɗe. "To, jinin mijinki fa?"

Shaharbanu ta tofar da yawu wajen kaburburan.

"Shekara goma sha ɗaya ina shan sandarsa. Ran nan a gona 'yata ya ɗaga wa sandar, ni kuma fartanya ce a hannuna."