Inuwar Kusurwar Yamma

Lissafin ya sake ƙin fitowa. Mai Lissafi ya ture kofin shayin da ya huce, ya koma kan taswirar da ke shimfiɗe a tebur.

Aikinsa a banki shi ne ya faɗi ko tashar lantarki ta hasken rana za ta iya biyan bashin da za a ba ta. Dokar ofishin kuwa ita ce ba a gaya wa mai tantancewa sunan gari ko na masu aiki, lamba kawai ake ba shi, don kada sanayya ta shiga. Yana alfahari da dokar nan fiye da kowa. Abokan aiki har tsokanarsa suke, wai ko matarsa da lamba yake kiranta.

Wannan tashar babba ce, farantan sola dubbai. Rana akwai ta, ruwan wanke farantai akwai, mai sayen wutar ma ya sa hannu. Amma ribar ta tsaya ƙasa da abin da banki ke nema, da ɗan kaɗan mai ban haushi.

Manaja bai ɓoye masa komai ba. "In wannan bai wuce ba, za a rufe sashenku. Ka san kuma asibitin tsohuwarka a kan katin ofis yake."

Ya sani. Abin da ke hana shi cin abinci ke nan.

A gida, Inna na jingine da matashi, ƙafafu a kumbure. Kullum maganarta ɗaya. "Auta, ka kai ni wurin babanka kafin ƙafafun nan su ƙi gaba ɗaya." Garin da take nufi sun baro shi tun yana goye, dangi kuma duk sun watse daga can. Shi dai amsarsa ba ta canjawa: in ya gama aikin nan.

Wata safiya idonsa ya tsaya a kusurwar yamma ta taswirar. Layin farantai ya zo tiryan-tiryan, sai ya karkace ya kewaye wani ɗan fili. A jikin taswira an rubuta: tsohon shinge, bishiya ɗaya. Kewayen ya ƙara tsawon waya da hanya, inuwar bishiyar kuma na faɗawa kan farantai kowane yammaci, daidai lokacin da wuta ta fi tsada.

Ya miƙar da layin a kwamfuta. Lissafin ya fito sumul.

"Me ke cikin shingen nan?" ya tambayi manaja.

"Kai da ke son lamba, yau kuma labari kake nema?"

Ya yi dariya, bai sake tambaya ba. Ya rubuta shawararsa a layi guda: a share kusurwar, a sare bishiyar. Bashi ya fita, sashe ya tsira, Inna ta ci gaba da samun allurarta. A gaskiya ya ji daɗin kansa.

Sai da shekara ta zagayo ya cika alkawari. Inna na kujerar gaban mota tana nuna hanya da sanda, bakinta bai rufu ba don murna. Ga dutsen, ga busasshen rafin, sai a yi kwana dama.

Kwanar ta ƙare a jikin waya mai ƙaya. Bayanta farantai ne baƙaƙe ƙirin har iyakar gani, a miƙe, babu inda suka karkace. Ya dubi rafin, ya ga lanƙwasar da ya yi makonni yana kallo a taswirar tashar nan. Ya kashe motar.

Inna ta sauke gilashi, ta daɗe tana dubawa.

"Auta, mun ɓata hanya ne? Ban ga bishiyar ba. Da hannuna na dasa ta a kan kabarin babanka, don kada rana ta dame shi."