Kaskon Da Baba Bai Ƙera Ba

Baba maƙerin tukwane ne a Jakara, kuma duk kaskon da ya zuba sai ya buga sunansa da ajami a gindinsa. Amma ranar nan bayan la'asar ya kama hannuna muka shiga kasuwa sayen kaskon suya na kanti, mai baƙin shafen nan da abinci ba ya kamawa. Ciwon gaɓoɓi ya ci hannun Inna, har takan yi hawaye wajen kankare kasko da toka.

Mai shagon ya gane shi, ya yi dariya. "Malam, yau maƙeri ne da sayen kasko? Wannan fa shekara biyu ya ɓare."

Baba ya shafa cikin kaskon da babban yatsa, ya juya gindinsa yana neman sunan wanda ya yi shi, bai ga na kowa ba. Can ya ce, "Nawa ba ya mutuwa, Alhaji. Hannun mai wanke shi ne ya gaji."

Da muka doshi layin maƙera na ce mu zagaya, kada abokan sana'arsa su gani. Ya ce ƙafarsa ba za ta iya zagaye ba. Haka muka ratsa, suna ta yi masa tsiya, shi kuwa yana amsa gaisuwa.

Yanzu nawa hannun ke ciwo, na sauya irin kaskon nan ban san adadi ba. Na Baba yana rataye, lafiyarsa ƙalau. Allah ya jiƙan Baba da Inna.