Wutsiyar Roba a Cikin Kacala

Ka shigo kana huci don abin da ka sa rai a kansa bai samu ba. Sha ruwa tukuna, ka ji wannan.

An yi wata injiniya, 'yar wani ƙauyen masunta da ke tsakiyar fadama. Da damina ruwa kan kewaye garin nasu, ba shiga ba fita sai ta kwalekwale, ga ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwan. Jirgi mai inji in ya shiga, kafin ya yi nisa ciyawa ta nannaɗe farfelarsa, sai a koma turi da gora. Ciwo kuwa ba ya jiran gora. A cikin kwalekwale ƙanwar mahaifiyarta ta cika, ana hango rufin asibiti. Tun daga ranar ta ƙudura sai ta ƙera jirgin da ba shi da farfela, wanda zai riƙa kaɗa wutsiya hagu da dama kamar kifi, don ba ta taɓa jin an ce ciyawa ta ɗaure tarwaɗa ba.

Ba da guduma ta fara ba. A cikin kwamfutarta ta zana wutsiyar, ta kwaikwayi ruwa da lissafi, ta sa wutsiyar ta yi ta kaɗawa a ciki. Kowace kaɗawa sai ta saki 'yar guguwar ruwa a bayanta, wannan na juyawa dama, mai bi mata na juyawa hagu, kwamfutar ta shafa wa waɗansu ja, waɗansu shuɗi. A nan ta ga yadda abin yake. In guguwoyin suka jeru sahu biyu, sai su matso ruwa ta tsakaninsu su harba shi baya, jirgi ya yi gaba. In suka hargitse, inji ya sha wahalar banza. Wata huɗu ta yi tana gwaji, ta ƙara sauri ta rage, ta faɗaɗa ta tsuke, amma duk a kan wutsiya mai tauri, don a ganinta abin da zai ture ruwa dole ya fi ruwa taurin kai. Da ta sami tsarin da ya yi dama-dama, sai ta aika birni a yanko mata fallen ƙarfe mara nauyi, ta kuma aika wa mutanen ƙauye cewa bana ba za su yi damina da gora kaɗai ba.

Ruwan farko ya karya gadar hanyar birni. Motar da ta ɗauko ƙarfen ta juya, aka ce sai kaka. Mai waldan da ya haɗa mata sauran kayan ya ga ta zauna a bencinsa ta yi tagumi, sai ya jawo wani tsohon bel na roba mai faɗi na injin casar shinkafa ya ajiye a gabanta, ya ce, "Injiniya, ga abin da Allah ya hore. In bai yi ba, kya yanka takalmi." Ta ɗaga shi, ya lanƙwashe kamar kunnen akuya. Saura kaɗan ta yar. Amma ta tafi da shi gida, ta rataya masa dutse ta auna laushinsa, ta shigar da abin da ta auna cikin kwamfuta. Ba nasara take nema ba. So take ta san iyakar asarar, don ta faɗa wa mutanenta gaskiya da bakinta.

Abin da ya fito a allon ya sa ta gyara zama. Wutsiyar ƙarfe yaga ruwa take yi, guguwoyinta su fito manya su watse gefe. Wannan kuwa in gindinta ya tafi dama, bakinta sai ya ɗan yi jinkiri, ya rusuna, sannan ya fyaɗo, ya ajiye kowace guguwa a gurbinta kamar mai jera kwanuka. Ja na bin ja, shuɗi na bin shuɗi, ruwa na tsere ta tsakiya. Turin ya fi na ƙarfe, cin batir kuma ya ragu. Ta ce kuskure ne. Ta goge, ta sake, ta kuma sakewa har sau biyar, amsar ba ta motsa ba. Sai ta fashe da dariya ita kaɗai, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya.

Kwana tara suka yi ita da mai walda suna yanka suna ɗaurewa. Ba su gama gwada jirgin a ruwan ƙauyen ba aka kawo wani manomi da maciji ya sara a gonar shinkafa, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Suka kwantar da shi a ciki, ta tayar da inji. Wutsiyar ta soma kaɗawa a hankali, jirgin ya kutsa cikin kacala, ciyawa na zamewa ta gefe ba ta sami abin kamawa ba. Tafiyar da gora ke cinye wuni a kanta, kafin azahar sun sauka a bakin asibiti. Mutumin ya tashi, da ƙafarsa ya yanki shinkafarsa a kakar nan. Ranar da jirgin ya dawo, mata suka tsaya a ruwa har ƙugu suna guɗa, masunta suka ɗaga injin sama suna leƙen tsohon bel ɗin suna kabbara.

Ka ga abin da masu iya magana suke nufi ke nan: wani hanin ga Allah baiwa ne.