Cima Ta Zaɓi Tsohuwar Yayi

"Ɗauki wadda kike so," in ji Illa, yana nuna wayoyin shafa a wani shago cikin kasuwar Madawa. "Amma daga yau kar in ƙara jin zancen gona."

Cima ta dubi wan marigayi mijinta. Shekara uku tana haƙar faƙon nan da diga har ya fara ba da hatsi, yau Illa ya samo masa mai saye. Ta nuna wata tsohuwar yayi mai maɓallai da ake jawowa, irin wadda mijinta ya riƙe.

Illa ya bushe da dariya. "Ƙauyanci dai!" Ya biya, aka sa mata layinta.

A mota, kan hanyar Keita, shi da mai sayen suka koma Faransanci. Ya manta Cima ta yi lakwal, makarantar boko, tana jin Faransanci. Suka shirya za su zaga ta bayan gari, su auna gonar, shaidu biyu su ce ta yarda. Duk waiwayen da ya yi, hannuwanta na cikin hijabi, idonta a lumshe.

A bakin gonar suka tarar da maigari, da liman, da matan ƙungiyarta, kowace da diga. Maigari ya ɗaga wayarsa yana karanto zancensu daga saƙonnin Cima, har da sunayen shaidun.

Cima ta fiddo wayar, ta tura maɓallan suka rufe, ƙas!

"Wayar shafa sai an duba ta, Yaya. Wagga kau, yatsuna sun san hanya."