Farin Zare a Gefen Fiffike

Karo na uku ke nan masu shafin hotunan jiragen sama na intanet suna dawo wa Umaima da hotonta, kuma dalilin bai sauya ba: wani siririn farin haske ya zagaye jirgin, daga hanci har wutsiya.

Baba Ishaku, mai shagon hoton da take koyon aiki a Malali, ya leƙo ta kafaɗarta. Kafin ya buɗe baki ta shaƙe murya, ta yi irin tarinsa: "'Yata, kin cika gishiri!"

"Ja'ira," ya ce. "To ai kin cika. Kin ƙara kaifi, kin ƙara haske, har sama ta rabu da ƙarfe. Wuri biyu farin zaren nan yake fitowa: inda hannu ya yi nauyi, ko inda aka yanko abu aka liƙa. Koma kan na asali, ki taɓa kaɗan."

Ya nuna mata gefen fiffiken da hannunsa na dama mai yatsu huɗu. Injin jirgi ne ya cinye na biyar, zamanin yana makanike.

Ba banza Umaima take yini a gefen filin jirgi na Kawo tana ɗaga kyamara sama ba. Mahaifinta mutumin jirgi ne, an ce ya rasu tana ciki. Abin da ya rage mata shi ne hoto ɗaya da bai fi tafin hannu ba, a ƙasan akwatin mahaifiyarta Hasiya: mutum tsaye, ya dafa fiffiken ƙaramin jirgi. Fuskar ta dushe. Duk lokacin da ta kalle ta sai ta ji kamar baƙo ne ke kallonta ta taga. Ta sha tsayawa gaban madubi tana kwaikwayon murmushin mutumin. Ita da ba wanda ya gagare ta kwaikwaya, shi ya gagare ta.

Hasiya ba ta son zancensa. Ba ta son zancen shagon ma. Takan ce, "Duk faɗin Kaduna, nan kaɗai ake koyon hoto?"

Ranar Asabar da hantsi Umaima ta sato hoton, ta sa shi a kwamfutar shago. Fuskar ubanta kawai take so ta gani sau ɗaya, tar. Wannan karon ba ta cika gishiri ba. Ba ta taɓa komai ba, girma kawai ta ƙara masa.

Gefen jirgin sumul. Kafaɗun ma sumul. Amma ga farin zaren nan, ya zagaye kan mutumin, ya bi ta ƙarƙashin haɓa ya ɗaure wuya.

Ta rufe, ta sake buɗewa. Yana nan.

Wannan kan ba na wannan jikin ba ne. Shekara ashirin da biyu tana yi wa fuskar wani addu'a.

Ta ji takun Baba Ishaku ya tsaya a bayanta. Bai yi tari ba.

"Lokacin da na liƙa kan nan hannuna bai faɗa ba," ya ce a hankali. "Kakanki ya rantse ba za ki san fuskar ubanki ba. Jikin kuma na kasa cirewa."

Umaima ta ja hoton ƙasa, zuwa hannun da ke dafe da fiffike, ta ƙirga yatsun: huɗu.